Rasuwar Malamin da Ya Sa wa Kankana Hula

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam. Ina ɗakin duba marasa lafiya, ina ce wa wata tsohuwa ta bi yatsana da ido, sai wayata ta yi ta ruri a aljihun farar rigata. Ban saba ɗagawa ina kan aiki ba, amma da na ga lambar babban ɗansa sai na ɗaga. Bai ja magana ba. Cewa ya yi, "Anti, Baba ya cika." Tsohuwar nan da ta zo neman magani a wurina ita ta kama hannuna ta zaunar da ni a kujerarta, tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, yi haƙuri," alhali ba ta ma san wanda ya rasu ba.

Malam, tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na san da kana nan da ka ce, "Likita, rubuta abin da kika gani kawai, ban da ƙari." To, abin da na gani zan rubuta.

Kai ba likita ba ne, ko da yake rabin asibitin Likita suke ce maka, ka gaji da gyara musu ka haƙura. Farfesa ne kai a ilimin lantarki da maganaɗisu. Ka baro ofishinka mai faɗi a jami'a ka tare a wani ɗan ɗaki marar taga a ƙasan benen asibitinmu, bango ɗaya da ɗakin babbar na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin kai da ƙarfin maganaɗisu. A nan na same ka lokacin da aka turo ni, ina sabuwar likitar ƙwaƙwalwa, ina ji da karatuna.

Yawancin masu zuwa wurina masu farfaɗiya ne. Da yawansu magani yana riƙe su, su yi rayuwarsu lafiya lau. Amma akwai waɗanda an gwada kowane magani ya ƙi, sai dai a nemo ɗan wurin da ciwon ke tasowa a ƙwaƙwalwa, likitan fiɗa ya cire shi. Nemo wurin nan shi ne jidalin. Muna da kayan aiki biyu. Ɗaya hula ce mai wayoyi da ake kifa wa mutum a ka, tana ɗauko ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, tana zana shi layi-layi a allon kwamfuta. Ita takan gaya mana lokacin da ciwon ya motsa, amma ba ta iya nuna wurin sosai. Ɗayar kuwa ita ce babbar na'urar, wadda ta iya nuna wuri amma ba ta san lokaci ba. Kowa ya san in aka haɗa su lokaci guda aiki ya yi sauƙi. Sai dai da zarar an shigar da mai hula cikin na'urar aka kunna ta, sai zanen ya dagule ya koma baƙi ƙirin. Na'urar tana zuba nata lantarkin a cikin wayoyin hular, wanda ya ninka na ƙwaƙwalwa ninkin ba ninkin, ya binne shi gaba ɗaya. Wannan shi kake kira ƙara, ko da yake ba da kunne ake jin ta ba, da ido ake ganin ta.

Ranar farko ka nuna mini wannan baƙin zane, ka ce, "Likita, kin taɓa kai niƙa?"

Na ce na sha kaiwa ina yarinya.

Ka ce, "To aikinmu a ɗakin nan shi ne mu tsaya a bakin injin niƙa yana aiki, mu ji numfashin jaririn da ke goye a bayan mai kawo niƙan."

Na ce ai wannan ba mai yiwuwa ba ne. Ka yi dariyar nan taka mai girgiza kafaɗu, ka ce, "Ƙarar inji ba ta da wayo. Abin da ta faɗa yanzu shi za ta sake faɗa anjima, ba ƙari ba ragi. In kika haddace ta sai ki ɗebe ta. Abin da ya saura na mutum ne."

A baki kamar wasa. A aikace shekaru ya ci mana. Ka haddace ƙarar ka ɗebe, sai a ga saura. Ka yi ta bin diddigi har ka gano agogon na'urar da agogon kwamfutarmu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗan bambancin da ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo, amma ya isa ya ɓata lissafin duka. Ka yi ta lallashin masu kula da na'urar har suka yarda aka haɗa agogon biyu da waya ɗaya. Muka yi murna, sai wata ƙarar ta leƙo daga ƙarƙashin ta farko: ashe duk bugun zuciyar mutum yana ɗan girgiza kansa, wayar da ta motsa a cikin maganaɗisu kuwa lantarki take haifarwa. Na ce, "Malam, wannan kuma fa?" Ka ce, "Wannan kam ba ma roƙon Allah ya ɗauke mana ita. Sai dai mu koyi zama da ita."

Ba ka taɓa gwada sabon abu a kan marar lafiya ba sai ka fara gwada shi a kanka. Ban san iyakar shigar da ka yi cikin ramin na'urar nan ba, kana kwance sambal kamar itace, mu muna bayan gilashi muna kallon layukan ƙwaƙwalwarka. Kakan shafa sanƙonka ka ce Allah ya san aikin da zai ba ka shi ya sa ya share maka fili tun da wuri. Wata rana barci ya sace ka a ciki, duk da rugugin da ke kanka, muka ga layukan sun sauya sun zama na mai barci. Da ka fito ka rantse idonka biyu. Muka nuna maka allo. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "To, aƙalla aikinmu ya fara kyau, tunda har ya iya ƙaryata ni."

Saboda maganaɗisun nan ka sauya har suturarka. Ka daina ɗaura bel, ka koma wando mai mazagi. Gilashin idonka na roba ne, agogo kuwa ka bar wa masu ofis. A bakin ƙofa ka ajiye wani tsohon kwanon roba, kowa ya zo, komai girmansa, sai ya juye aljihunsa a ciki. Da ka lura wayoyin hular suna rawa idan na'ura ta ɗauki ruri, sai ka je gida ka roƙi Mama, maiɗakinka, ta ɗinka maka 'yan jakunkuna ka cika da yashi kana danne wayoyin da su. Mama ta sha gaya mini cewa rigunan matashin gidanta ƙarewa suka yi ɗaya bayan ɗaya, in ta tambaya ka ce sun tafi aikin asibiti, ta yi haƙuri, lada suke samo mata. Har gobe a ɗakin nan akwai jakar yashi mai zanen furanni shuɗaye, baƙi in sun zo su yi ta kallon ta ba su san tarihinta ba.

Marasa lafiya kuwa, Malam, ban ga wanda ya kai ka iya kwantar musu da hankali ba. Shiga ramin nan ba wasa ba ne: wuri ne matsattse, ga ƙugi kamar ana dukan ganga a kan mutum, ga shi an ce kada ya motsa. Kakan zauna da mutum tun kafin a fara, ka sa masa ƙarar na'urar a rediyonka ya ji, ka ce, "Ka ji iyakarta ke nan, baki ne da ita, ba ta da hannu." Mai tsoro sosai kakan shiga tare da shi ka riƙe masa tafin ƙafa har a gama. Ina tuna wani dattijo da ya jawo ka gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, abin nan yana ganin abin da mutum ke tunani?" Ka ce, "Baba, da yana gani, ai da ni zan fara gudu." Dattijon ya yi dariya har da tari, ya hau gado da kansa. Da aka gama, kai ka kawo ruwan ɗumi ka wanke masa man nan mai danƙo da muke shafawa a ƙarƙashin hula, ka goge masa kai da tawul, kana ta jan sa da hira a kan jikokinsa.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne lamarin Malamar lissafi.

Mace ce mai 'ya'ya biyu, mijinta kafinta ne. Farfaɗiya ta same ta da girmanta, ta ƙi jin magani. Ta faɗi a gaban aji ba sau ɗaya ba, ta ƙone a hannu wajen girki, har makarantar ta ɗauke ta daga koyarwa ta mai da ita ɗakin ajiye littattafai. Duk zuwan da za ta yi wurina ba ta kukan ciwon kamar yadda take kukan ajinta. Gwaje-gwajen da muka yi mata sun raba baki: wasu sun ce daga dama abin yake tasowa, wasu suna karkata hagu. Hagun nan kuwa kusa yake da inda maganar mutum take. In aka taɓa shi, tana iya farkawa tana neman sunan cokali ta rasa. Likitan fiɗa, mutum mai taka tsantsan, ya ce ba zai ɗauki wuƙa ba sai an raba gardama. Aka ce to ga ranar aikin Malam ta zo.

Muka sa mata hula, muka shigar da ita, ta kwanta kamar ba ta numfashi, don ta ƙudura sai an samu abin da ake nema. Ka kwana biyu kana tace zanen da hannunka. Ka ɗebe ƙarar na'ura, ka ɗebe ta zuciya, sai ga wasu 'yan layuka ƙanana suna tasowa a gefen hagu, a jere, tsaf, irin waɗanda muke gani a inda ciwo ke kwance. Wannan ne karo na farko da aikinka na shekaru ya ba da amsa a kan marar lafiya na gaske. Likitan fiɗa ya sa rana. Shugabannin asibiti, waɗanda suka daɗe suna ƙorafin cewa kana tare na'ura alhali ga layin masu jiran hoto, aka gayyace su su zo su gani da idonsu. Sista mai kula da ɗakin har da guɗa.

Kai kaɗai ne ba ka yi murna ba. Na same ka ka zuba wa allo ido, ka tallafe haɓa. Na ce, "Malam, lafiya?" Ka ce, "Ya yi kyau da yawa, Likita. Dubi yadda suke zuwa a kan ƙa'ida, ba mai riga wani. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta da wannan ladabin."

Washegari da safe sai ga ka da ƙatuwar kankana a rungume kamar jariri. Masu gadi suna yi maka barka da cefane. Ka ɗora ta a kan gadon na'ura, ka shafa mata mai, ka kifa mata hular nan da aka sa wa Malama, ka shimfiɗa wayoyin daidai yadda suke a ranar, ka ce a kunna. Kankana dai ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da zuciya, duk abin da ya fito daga kanta ba nata ba ne. Ka tace zanen kamar yadda ka tace na Malama. Sai ga layukan nan ƙanana sun taso a gefen hagu, a jere, tsaf.

Da wani ne, da ya rufe ƙofa ya gyara abinsa a ɓoye, ya ce a ɗaga ranar fiɗa saboda wani dalili. Kai aikawa ka yi aka kira kowa, har da shugabannin da aka gayyata don su zo su yaba maka. Ka tsaya a gabansu ka nuna zane biyu gefe da gefe, ka nuna kankanar da ke kwance a bayan gilashi da hularta, ka ce, "Ga marar lafiyarku. Ita ma a hagu take da ciwon. Abin da na ba ku jiya ba na Malama ba ne, na inji ne, kuma ni na ba ku shi." Ba wanda ya yi dariya. Likitan fiɗa ya lalubi kujera ya zauna, ya cire gilashinsa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da yau ne ba jibi ba."

Daga baya ka gano tushen abin. Akwai injin da ke sanyaya maganaɗisun, ba ya hutawa dare da rana, yana ɗan girgiza gadon yadda jiki ba ya ji. Damin wayoyin gefen hagu kuma ya ɗan yi lilo tsakanin gado da akwatinsa, jakar yashi ba ta kai wurin ba. Shi ke nan fa. Ɗan wannan lilon ne ya kusa sa a yanke wa baiwar Allah inda maganarta take.

Na ce bari in je in yi wa Malama bayani, tunda ni ce likitarta. Ka ce a'a, tare za mu je, amma kai za ka yi magana. Mijinta ya fusata, kuma da gaskiyarsa. Ya ce sun sanar da dangi, sun kai yara wurin kakarsu, ya rufe shago, yanzu kuma a ce musu kankana ta ce ba haka ba? Ka tsaya ka sunkuyar da kai har ya gama, ba ka katse shi ba. Ita Malama tambaya ɗaya ta yi maka. Ta ce, "Farfesa, da ba ka gwada ba fa?"

Ka ce, "Da an taɓa inda ba ciwo, ciwon kuma yana nan yana jiran ki."

Ta dubi mijinta, ta dubi hannunta mai tabon ƙuna, ta ce, "To a sake."

Gaskiyar nan ba a araha ka saye ta ba. Shugabanni suka rage maka lokaci, aka bar maka safiyar Asabar kawai. Wasu abokan aikinka na jami'a suka samu abin ba'a. Ga shi kuma don a sake gwajin sai an kashe injin sanyayawar na ɗan lokaci, mai kula da na'urar kuwa ya ce ko kusa, in maganaɗisu ya yi zafi wa zai amsa tambaya? Ka yi ta zarya ofishinsa, ka zauna da shi kuka lissafa iyakar lokacin da ba zai yi lahani ba, ka ce shi da kansa zai riƙe makunnin, in ya ce a tsaya an tsaya. Haka aka yi. Asabar ta farko ciwon bai motsa ba, muka tashi hannu rabbana. Ta biyu ma haka. Kafinta ya daina gaishe ka. Sai a wata Asabar, ana gab da mai da injin, abin ya motsa, ba a jere ba, ba a kan ƙa'ida ba, a hargitse irin na mai rai. Kuma a dama yake, inda rabin gwaje-gwajen farko suka nuna tun asali.

Aka yi mata fiɗa a dama. Ta farka ta kira sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wa ya ba su abinci. Ba zan ce ciwon ya tafi kwata-kwata ba, har yanzu tana shan ɗan magani, amma shekara na zagayowa ta koma ajinta, tana nan tana koyarwa. Kafinta kuma ya zo da kansa ya auna ɗakinka ya ƙera maka teburin katako wanda babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, don ya shiga ɗakin maganaɗisu. Bai ce maka ka yafe shi ba, kai ma ba ka nuna akwai abin yafewa ba. Shi da Malama suna cikin waɗanda suka fara isa gidanka ranar da ka rasu.

Ita kuwa kankanar, bayan kowa ya watse a ranar, Sista ta fito da ita ta kawo wuƙa. Ka ɗaga hannu ka ce a dakata, ba a taɓa marar lafiya sai likita ta sallame ta. Sai da na ce na sallame ta sannan aka yanka, kuma kai ka fi kowa ci. Tun daga ranar sunanka ya koma Mai Kankana a bakin ma'aikata, kuma ta zama doka a ɗakinmu: duk sauyin da aka yi wa waya ko na'ura, kankana za ta fara shiga kafin mutum. Mai sayar da kayan marmari na bakin ƙofar asibiti har ya gane, yana hango ka zai ce, "Farfesa, yau mai girman kan babba za a ba ka ko na yaro?"

Alherinka bai tsaya a ɗakin aiki ba. Shekarar da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ana kai ta gashin ƙashi da motsa jiki da sassafe, lokacin da ni kuma nake zagayen marasa lafiya. Ka ce ai gidanmu a kan hanyarka yake, alhali ni da kai mun san ba haka ba ne. Watanni kana zuwa da tsohuwar motarka kana ɗaukar ta. Inna ba ta san ko kai wane ne ba, ta ɗauka direban asibiti ne na samo mata. Ta yi ta yi maka faɗa a hanya: ka cika gudu, ka cika taka burki, rigarka ba guga, wace irin mata gare ka da take barin ka fita haka. Da na ji na ce zan gaya mata, ka ce, "Kul, Likita. In ta sani kunya za ta hana ta yi mini faɗa, faɗan nan kuwa shi ke motsa mata harshe. Rabona da in samu mai yi mini faɗa irin na uwa tun ina saurayi." Sai da ta fara takawa da sanda ta ji gaskiya a bakin wata nas. Ta rufe fuska da mayafi tana salati. Kai kuwa ka durƙusa ka ce, "Inna, direban naki ne dai, ba a canza shi ba."

Ba zan ce ba ka da hali ba, don za ka ce na yi ƙari. Kana da taurin kai na gaske. Tambayar da amsarta kalma ɗaya ce kakan faro ta tun daga asalin lantarki, mutum yana tsaye da yunwa. Ba ka taɓa zuwa taro a kan lokaci ba, kuma kullum laifin rashin agogo ne. Mun yi faɗa da kai ba adadi, yawanci a kan ni ina so a ba marar lafiya amsa yau, kai kana cewa a ƙara dubawa. Wani lokaci kai ke da gaskiya, wani lokaci ni, kuma in ni ce, da safe zan tarar da shayi a kan teburina ba tare da wata magana ba.

Jarrabawa mafi nauyi ta zo maka a shekarun ƙarshe, lokacin da zuciyarka ta fara sassarfa tana tsayawa, likitoci suka dasa maka ɗan inji a ƙirji mai daidaita bugunta. Irin wanda aka sa maka ba ya shiri da maganaɗisu. Ma'ana, ɗakin da ka ba rabin rayuwarka ya haramta gare ka, ko bakin ƙofarsa ba za ka ƙetare ba. Ranar da ka dawo aiki na ga ka tsaya a bayan gilashi, kana kallon ɗalibanka suna shimfiɗa wayoyi, hannunka yana motsi shi kaɗai kamar kai ke yi. Na zo na tsaya kusa da kai. Kai ka riga ni magana. Ka ce, "Ni da ɗakin nan mun zama surukai, Likita. Sai gaisuwa daga nesa." Ka yi dariya, amma na ga ka juya ka goge gilashin idonka wanda ba abin da ya same shi.

Abin mamaki, a shekarun nan ne ka fi koyarwa. Da hannunka yana kai wa ga komai, kakan karɓe aiki daga hannun ɗalibi ka yi da kanka. Da ya zama sai dai baki, dole ka yi haƙuri su yi kuskure su gyara. Yau akwai mutum huɗu a asibitin nan da za su iya aikin daga farko har ƙarshe, wasu kuma sun tafi wasu asibitocin sun kafa nasu ɗakunan. Ka taɓa ce mini da ka san haka ne da ka daɗe da ɗaure hannunka.

Ganina na ƙarshe da kai a gidanka ne, wata Lahadi da la'asar. Ka rame, ƙafafunka sun kumbura, kana kishingiɗe a falo an tara maka matasai a baya don numfashi. Mama ta shiga ciki haɗa shayi. Ka yafuto ni na matso, ka ce, "Likita, shekara da shekaru ina gaya miki abin da zane ya ce. Yau ke za ki gaya mini. Likitocin zuciya sai kewaye-kewaye suke yi, ke kuwa ba ki iya kewaye ba. Kin ga sakamakon?"

Na ce na gani.

Ka ce, "To?"

Na gaya maka gaskiya, Malam, don kai ka koya mini ita, ko da yake ban taɓa faɗar wadda ta kai ta nauyi ba. Ka lumshe ido, ka yi hamdala, ka ce, "Madalla. Na gode da ba ki rage komai ba." Sannan ka yi ƙasa da murya ka ce, "Amma kada ki gaya wa Mamanku tukuna, ba za ta iya ɗauka ba."

Sai muka ji muryarta daga bakin ƙofa, tana riƙe da faranti. Ta ce, "Na riga ku sani. Ni da nake kwana ina sauraren numfashinka, sai wata takarda ce za ta gaya mini? Shiru na yi don na ɗauka kai ne ba za ka iya ɗauka ba."

Ka dube ta, ta dube ka, sai kuka yi dariya ku biyu, hawaye na zuba. Ta ajiye farantin ta zauna a gefenka ta gyara maka matashi. Muka sha shayin nan mu uku, kuka yi ta ba ni labarin ɗakin haya na farko da kuka zauna, wanda rufinsa ke yoyo daidai kan gado. Da na tashi tafiya ka ce in yafe maka. Na ce ban san abin da zan yafe ba, amma na yafe, kai ma ka yafe mini. Ka ce, "Tuntuni."

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka jiƙan sa, ka gafarta masa, ka yafe masa kurakuransa na fili da na ɓoye. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya makwancinsa. Ka sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana gare shi, duk wanda ya samu sauƙi ta dalilin aikinsa ka kai masa ladan. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi haƙuri da mu muka raba mata miji da ɗakin ƙasan bene tsawon shekaru ba ta taɓa tsuke mana fuska ba. Mama, Allah ya ba ki dangana, ya zama gatanki, ya saka miki da alheri a kan jinyar da kika yi. Ina yi wa 'ya'yansa maza da mata ta'aziyya, da jikokinsa, da ƙannensa, da ɗalibansa na kusa da na nesa, da abokan aikinmu na asibiti da na jami'a, da marasa lafiyar da har yanzu suke leƙowa ɗakin suna tambayar ina Farfesa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya, ya raya abin da ya bari, ya albarkaci zuriyarsa.

Mu kuma da muka saura, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Sai mun zo, Malam. Amin.